Girka saba a ɗakin gwaji marar intanet: nazarin wani aiki daga shigar farko zuwa zagayen sabuntawa

Aikin da zan yi bayani a kansa an yi shi ne a wani ɗakin gwaje-gwaje inda ake auna samfuran ruwa da na ƙasa. Kowace na'urar awo a wurin tana haɗe da kwamfutarta, kuma yawancin kwamfutocin nan suna aiki ne da Windows 7, wadda kamfanin Microsoft ya daina sakar wa gyaran tsaro tun watan Janairun 2020. Ba a iya sauya su ba saboda manhajar da ke sarrafa na'urorin awon ba ta tashi a kan sabuwar Windows, sauya na'urorin kansu kuwa ba abu ne da hukumar wurin za ta iya yi a lokacin ba. Shi ya sa aka yanke shawarar raba hanyar sadarwar ɗakin da intanet baki ɗaya, kuma ina ganin shawara ce mai ma'ana, domin kwamfutar da ba a toshe mata ɓaraka ba ta da abin kāre kanta idan aka bar ta a buɗe.

Abin da aka nema daga gare mu shi ne mu girka uwar garke guda ɗaya, wadda masu wannan sana'a suka fi kira saba, domin ta tattara sakamakon awo daga dukkan kwamfutocin, ta adana shi a rumbun bayanai, sannan ma'aikata su riƙa duba shi ta burauza. Mun zaɓi Debian 12, wadda ta fito a watan Yunin 2023, tare da PostgreSQL 15 a matsayin rumbun bayanai da nginx a matsayin mai miƙa shafuka, ita kuwa manhajar wurin an rubuta ta ne da Python. A wurin da ke da intanet, wannan aikin yini ɗaya ne ga wanda ya saba da shi.

Dokokin shiga ne suka sauya yanayin aikin. Ba a shiga ɗakin saba da wayar hannu ko kwamfutar waje. Duk fayil ɗin da za a shigar sai an ɗora shi a kan filas na wurin, an kai shi ga jami'in tsaron bayanai ya bincike shi a wata kwamfuta ta musamman, sannan ya sa hannu a takardar izini, kuma wannan yakan ɗauki kwana biyu ko fiye idan jami'in yana da wani aiki a gabansa. Ma'anar haka ita ce duk ƙaramin abin da muka manta, ko da girmansa bai kai na hoto ɗaya ba, farashinsa kwanaki ne.

Shigar farko da yadda ta ci tura

Kuskuren farko nawa ne. Kwamfutata ta aiki ita ma Debian 12 ce, don haka na ɗauka cewa abin da ya yi mata zai yi wa sabar. Na ba apt, wato manhajar da ke kula da ƙunshi (fayilolin da manhajoji ke zuwa a cikinsu) a Debian, umarnin ta sauke PostgreSQL da nginx ba tare da ta girka su ba, na kwashe fayilolin da ta ajiye a /var/cache/apt/archives na zuba a filas, na miƙa wa jami'in tsaro. Bayan kwana biyu muka shiga, na fara girkawa da dpkg, manhajar da ke girka ƙunshi kai tsaye daga fayil, nan take ta tsaya tana cewa ƙunshin da na kawo suna buƙatar wasu da babu su a sabar, irin su libpq5 da ssl-cert da libxslt1.1.

Dalilin haka yana cikin yadda apt take tunani. Idan aka ce mata ta sauke wani ƙunshi, takan duba abin da ke kan kwamfutar da take kai, ta sauke abin da ya rage kawai. Kwamfutata ta shekara tana tara manhajoji iri-iri, saboda haka yawancin ƙananan laburaren da PostgreSQL ke dogara da su suna nan tun da daɗewa, apt kuwa ba ta ga dalilin sake sauke su ba. Sabar da ke ɗakin sabuwa ce fil, ba ta da komai sai abin da aka ɗora daga faifan girkawa. Jerin da na kawo jerin abin da kwamfutata ta rasa ne, abin da sabar ta rasa kuwa ya ninka shi.

Akwai kuskure na biyu a cikin wannan shigar wanda ya fi na farko wuyar ganewa. An girka sabar daga hoton faifai na wata tsohuwar fitowar Debian 12, ni kuma na sauke ƙunshi daga rumbun ƙunshin Debian na intanet, wanda aka sabunta sau da yawa bayan nan. Yawanci hakan ba ya kawo cikas, amma wasu ƙunshin suna ƙin zama sai da ɗan'uwansu mai lambar siga daidai da tasu. Ƙunshin python3.11-venv yana cikin irin waɗannan, domin yana neman python3.11 mai siga ɗaya da shi ba ƙari ba ragi, kuma haka libc6-dev yake da libc6. Na kawo sabon python3.11-venv, sabar tana da tsohon python3.11, sai suka ƙi haɗuwa. Mun fita a ranar da na'urar da ke tsakiyar girkawa, wasu ƙunshin an kwance su amma ba a daidaita su ba, wanda ya fi rashin farawa muni, domin dole ne a fara share ɓarnar kafin a ci gaba.

Shugaban sashen ya tambaye ni ko in na rubuta sunayen abin da ya rage zan iya kawo su a shiga ta gaba. Na ce masa, ranka ya daɗe, zan iya, amma kowanne daga cikinsu yana iya neman wasu da ba zan sani ba sai na zo, kuma haka za mu yi ta kai da kawowa har mako uku ko huɗu su wuce. Na roƙi ya ba ni mako guda cur ba tare da na shiga ɗakin ba, ya amince.

Tagwayen sabar

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma makon nan gaba ɗaya a kan fafe gorar ya ƙare. Na karɓi ainihin hoton faifan da aka girka sabar da shi, na tabbatar da shi ta hanyar kwatanta lambarsa ta tantancewa, wato SHA-256, da wadda Debian ta wallafa a fayil ɗin SHA256SUMS, na kuma duba sa hannun da ke kan wannan fayil ɗin da GPG, manhajar sa hannu da tantance shi. Sannan na gina kwamfutocin kwaikwayo guda biyu a cikin tawa daga wannan hoton, da zaɓuɓɓuka iri ɗaya da waɗanda aka yi wa sabar. Ta farko tana da intanet, aikinta tattara kaya. Ta biyu na cire mata katin sadarwa gaba ɗaya, na kuma ɗauki hoton yanayinta tun tana sabuwa domin in riƙa mayar da ita farko bayan kowane gwaji. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce ba abin da zai tafi wurin jami'in tsaro sai ya girku daga farko zuwa ƙarshe a kan ta biyun, daga filas kaɗai, ina bin rubutattun matakai ba tare da na ƙara wani umarni daga kaina ba.

Akwai hanyoyi uku da na auna wajen kai ƙunshin Debian. Ta farko ita ce apt-offline, wadda ke rubuta jerin buƙatun na'urar da ba ta da intanet a wani ƙaramin fayil, a fita da shi, a sauke abin da ya lissafa, a dawo. Hanya ce mai kyau, sai dai tana buƙatar fitar da fayil daga ɗakin a kowane zagaye, fitarwa kuma ita ma tana da nata izinin, ga shi kuma ita kanta apt-offline sai an fara shigar da ita. Ta biyu ita ce kwafe dukkan rumbun Debian da debmirror, wanda girmansa ya fi ƙarfin filas ɗin da aka yarda mana, kuma babu jami'in da zai iya cewa ya bincike shi da gaske. Ta uku, wadda muka bi, ita ce gina ƙaramin rumbu namu da aptly, wadda ke iya ɗauko zaɓaɓɓun ƙunshi tare da duk abin da suka dogara da shi har tushe, ba tare da la'akari da abin da ke kan kwamfutar da take aiki a kai ba. Na haɗa har da sababbin sigogin duk ƙunshin da ke kan sabar, domin a fara ɗaga ta zuwa matsayi ɗaya da rumbun kafin a girka wani sabon abu, wanda ya kawar da rikicin python3.11.

A nan akwai wani batu da nake ganin mutane da yawa ba su lura da shi ba. Fayilolin .deb na Debian galibi ba su ɗauke da sa hannu a jikinsu. Sa hannun yana kan fayil ɗin InRelease na rumbun, wanda ke ɗauke da lambobin tantance fayil ɗin Packages, shi kuma yana ɗauke da lambar kowane ƙunshi. Sarƙa ce mai gaɓa uku, kuma duk wanda ya kwashe fayilolin .deb kawai ya girka su da dpkg, kamar yadda na yi a shigar farko, ya tsinka ta, domin dpkg ba ta tambayar daga ina fayil ya fito. Mutane da yawa sukan sa trusted=yes a layin rumbunsu domin apt ta yarda da shi ba tare da duba sa hannu ba, ni kuwa ban ga hikimar haka ba a wurin da aka killace saboda tsaro. Abin da muka yi shi ne aptly ta tantance sa hannun Debian a lokacin saukewa, sannan muka sa wa ƙaramin rumbun hannu da mabuɗinmu na GPG, muka shigar da ɓangaren mabuɗin na fili a sabar sau ɗaya, jami'in tsaro ya kwatanta lambar shaidarsa da wadda muka buga masa a takarda. Daga nan duk filas ɗin da ya zo da rumbun da ba mu muka sa masa hannu ba, apt za ta ƙi shi da kanta.

Ɓangaren Python ya ci kwana biyu daga cikin makon. Debian 12 ba ta barin pip, manhajar girka laburaren Python, ta girka ƙunshi kai tsaye a cikin Python ta tsarin, sai a keɓantaccen muhalli da ake yi da venv, wanda shi ya sa muke buƙatar ƙunshin da ya ba mu wahala tun farko. Saukewa da pip download ta yi sauƙi, amma a kan tagwayen marar intanet girkawar ta tsaya a kan psycopg2, laburaren da ke haɗa Python da PostgreSQL, domin ya zo ne a matsayin ɗanyen rubutu da sai an gina shi, ginin kuma yana neman gcc da libpq-dev da python3-dev. Ba na son a bar kayan gini a kan saba mai aiki, saboda haka na gina komai a kan tagwayen mai intanet da pip wheel, na tara ginannun fayilolin a folda ɗaya, na girka su a ɗayar tare da umarnin da ke hana pip leƙa waje, wato --no-index da --find-links. Tun da tagwayen biyu iri ɗaya ne da sabar a sigar Python da nau'in kwakwalwar na'ura, abin da aka gina a ɗaya ya dace da sauran.

Cikas na ƙarshe kafin miƙa kayan shi ne filas ɗin wurin, wanda aka tsara da FAT32, tsarin da ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4, kuma ba a yarda mu sake tsara shi ba. Babban fayil ɗin da na naɗe kayan a ciki, wanda ya haɗa da tsofaffin bayanan awo da za a zuba a rumbun bayanai, ya wuce haka. Na yanka shi gunduwa-gunduwa da split, a ciki muka haɗe da cat, muka kuma kwatanta lambar SHA-256 kafin yankawa da bayan haɗewa.

Abin da tagwayen ba su nuna ba

Na shiga karo na biyu da kwanciyar hankali, domin na maimaita girkawar sau da yawa ba tare da tangarɗa ba. Muka sake ɗora Debian daga farko, muka shigar da mabuɗin, na ba da umarnin apt update, sai ta ƙi rumbun tana cewa lokacin fara aikin fayil ɗin bai yi ba tukuna. Na duba agogon sabar na tarar yana baya da watanni. Na'urar ta daɗe a ajiye kafin a kawo ta, ƙaramin batirin da ke riƙe agogon allonta ya yi rauni, kuma a duk wurin da ke da intanet da ta gyara lokacinta da kanta ta hanyar NTP, tsarin daidaita agogo ta hanyar sadarwa, cikin 'yan daƙiƙu da tashinta ba tare da kowa ya sani ba. A wurin apt, rumbun da na sa wa hannu kwana uku da suka wuce ya fito ne daga ranar da ba ta zo ba. Kwamfutar kwaikwayo tana ɗaukar lokacinta ne daga wadda take cikinta, shi ya sa tagwayen ba su taɓa nuna wannan ba.

Gyara agogon da hannu ya ɗauki minti ɗaya, amma ya tona wata matsala da ta fi girkawar muhimmanci. Da muka zagaya kwamfutocin awon sai muka ga kowacce da nata lokacin, wasu sun sha bamban da juna da mintoci masu yawa, alhali lokacin da aka auna samfur yana cikin abin da ake rubutawa a sakamako. Muka sauya batirin, muka girka chrony, manhajar daidaita agogo, a sabar, wadda na yi sa'ar sa ta a rumbun tun farko, muka ba ta umarnin local stratum 10 domin ta yarda ta ba wasu lokaci ko da ita ba ta da wanda ke ba ta, muka buɗe ƙofa ta 123, sannan muka nuna wa kowace Windows adireshinta. Windows 7 da ba ta cikin wani yanki na gudanarwa takan daidaita agogonta sau ɗaya ne a mako, saboda haka muka rage tazarar. Wannan ya sa duk na'urorin sun yarda da juna, amma bai sa sun yarda da ainihin lokacin duniya ba, domin agogon sabar shi ma yana zamewa kaɗan-kaɗan. Maganin da ya dace shi ne ƙaramar na'urar karɓar lokaci daga tauraron GPS, wadda karɓa kawai take yi ba ta aika komai, kuma na rubuta hakan a rahotona.

Bayan agogo, girkawar ta tafi kamar yadda aka gwada, har muka buɗe shafin shiga daga ɗaya daga cikin kwamfutocin awon. Shafin ya tsaya fari fat na tsawon lokaci kafin ya bayyana, kuma wasu umarnai a sabar kanta suna jinkirin kusan daƙiƙa 10 kafin su amsa. Na kunna tcpdump ina kallon abin da ke ƙoƙarin fita, sai ga sabar tana ta aika tambayoyin neman adireshin sunaye zuwa 8.8.8.8, adireshin DNS na Google, wato sabar da ke mayar da suna adireshi, wanda wani ya rubuta a lokacin saita hanyar sadarwar bisa sabo. A Linux, idan ba a sauya komai ba, ana jiran amsar irin wannan tambayar daƙiƙa 5, a kuma sake gwadawa sau ɗaya, wanda ya yi daidai da jinkirin da muke gani.

Abin da ya sa tagwayen suka ɓoye wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne darasin fasaha da na fi amfana da shi a aikin. Rashin intanet iri biyu ne. Kwamfutar da ba ta da katin sadarwa, ko wadda ba ta san wata ƙofar fita ba, tana gane nan take cewa babu hanya, sai manhajar ta karɓi amsar ta wuce ba tare da ɓata lokaci ba. A ɗakin gwajin kuwa akwai rauta da aka rubuta a matsayin ƙofar fita, tana karɓar duk saƙon da aka miƙa mata ta yar da shi shiru, ba ta cewa ya isa, ba ta cewa bai isa ba. Manhajar da ta aika saƙon sai ta zauna jira har wa'adinta ya cika. Na gwada iri na farko, wurin kuwa iri na biyu ne. Tun daga ranar na sake gina tagwayen da kati mai aiki da rauta mai haɗiye saƙo, da kuma kwamfuta ta uku mai burauza.

Farin shafin shi ma daga nan ya samo asali. Masu rubuta manhajar sun sa ta ɗauko salon haruffa daga Google Fonts da wani fayil ɗin JavaScript daga wata sabar waje, burauza kuwa ba ta zana shafi sai ta gama jiran fayil ɗin salon da aka ambata a samansa. A gwajina na duba cewa sabar tana amsawa ne kawai ta amfani da curl, wadda ke karɓo rubutun shafi ba tare da ta bi abin da ke cikinsa ba. A ranar muka cire layukan biyu domin aiki ya tafi, a shiga ta gaba muka kawo fayilolin muka ajiye su a sabar. Don sunaye kuma muka girka dnsmasq domin ta riƙa amsa tambayoyin DNS a cikin ɗakin, muka ba sabar suna a ƙarƙashin .internal, wanda hukumar ICANN ta keɓe a 2024 domin irin wannan amfani na cikin gida. Mun kauce wa .local da gangan, domin an riga an ba da shi ga wata hanyar gano na'urori da ake kira mDNS, kuma haɗa su yakan jawo ruɗani.

Takardar shaidar HTTPS, wadda burauza ke dubawa don tabbatar da saba kafin su yi magana a ɓoye, ta zo da nata matsalar. Let's Encrypt, wadda ke ba da takardu masu wa'adin kwana 90, an gina ta ne a kan sabuntawa ta kai tsaye ta intanet, saboda haka muka kafa tamu hukumar shaida da OpenSSL, muka ajiye mabuɗinta na sirri a wani faifai da ke cikin akwatin ƙarfe na jami'in tsaro, nesa da sabar. Mun sa sunan sabar a filin subjectAltName, domin Chrome ta daina duba tsohon filin suna tun siga ta 58 a 2017. Shigar da takardar tushe a Windows ya wadatar da Chrome, amma ƙaramin shirin Python da ke tura sakamako daga kwamfutocin awo ya ci gaba da ƙin haɗuwa, saboda laburaren requests yana amfani da nasa jerin amintattun takardu maimakon na tsarin, sai da muka nuna masa tamu ta hanyar REQUESTS_CA_BUNDLE. Takardar sabar shekara ɗaya muka ba ta, kuma tun da babu imel ɗin da zai tunatar da kowa, muka sa shafin shiga ya riƙa nuna gargaɗi idan saura wata guda ta ƙare.

Muhawarar sabuntawa

Da komai ya daidaita, shugaban sashen ya nuna ra'ayin cewa a rufe ɗakin a bar sabar yadda take, tun da babu hanyar da wani zai iso gare ta daga waje, kuma kowace shiga tana cin lokacin ma'aikatansa. Na fahimci damuwarsa, amma ban yarda ba, na kuma faɗa masa dalilina. Ɗakin yana da hanyar shiga, ita ce filas ɗin da mu kanmu muke amfani da shi, da kwamfutocin injiniyoyin da ke zuwa gyara na'urorin awo. Muguwar manhajar Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta isa na'urorin tace sinadarin yuraniyom na Natanz a Iran duk da cewa an raba su da intanet, kuma filas na cikin hanyoyin da take yaɗuwa. Duk abin da ya samu shiga ɗakin nan zai tarar da kwamfutocin Windows 7 da ba za a iya gyara su ba, saboda haka sabar, wadda ke riƙe da dukkan bayanan, ita ce kaɗai abin da muke da ikon tsarewa da gyare-gyare. Ga shi kuma Debian 12 tana da iyakar shekarun tallafi, wanda ke ƙarewa a 2028 har da ƙarin wa'adin dogon zango, kuma na'urar da aka bari shekaru ba a taɓa ba ta fi wuyar ɗagawa zuwa sabuwar siga fiye da wadda ake bi a hankali.

Mun daidaita a kan zagaye ɗaya a wata, da damar shiga ta gaggawa idan wata babbar ɓaraka ta bayyana a abin da muke amfani da shi. A kowane zagaye ana sabunta rumbun a kan tagwayen mai intanet, a girka a kan marar intanet, a buɗe shafuka da burauza, a tura sakamakon gwaji, sannan a sa hannu a miƙa wa jami'in tsaro tare da jerin abin da ya sauya. Jinkirin nan yana da wata fa'ida da ban yi tsammani ba, domin sa hannu yana tabbatar da inda ƙunshi ya fito ne kawai. Ƙofar ɓoye da aka dasa a xz, manhajar matse fayiloli, wadda Andres Freund ya gano a watan Maris na 2024 a sigogi 5.6.0 da 5.6.1, ta shiga rassan gwaji na Debian ta hanyar da aka saba, ko da yake ba ta kai ga tsayayyen reshen da muke amfani da shi ba. 'Yan kwanakin da ƙunshi ke yi tsakanin saukewa da shiga ɗakin suna ba da damar jin labari idan wani abu ya ɓaci.

Akwai abu ɗaya da muka rasa ta hanyar sa wa rumbun hannu da kanmu. Rumbun gyaran tsaro na Debian yana ɗauke da ranar ƙarewa ta kusan mako guda, domin kada wani ya riƙa ba na'ura tsohon rumbu yana nuna mata cewa babu sabon gyara. Namu ba shi da wannan, domin in yana da shi zai iya ƙarewa tun yana kan teburin jami'in tsaro. A madadinsa muka sa ranar gina rumbun a takardar izini, wanda ke girkawa kuma ya kwatanta ta da ta zagayen baya kafin ya fara.

Zagayen farko na sabuntawa ba ni na yi shi ba. Na nemi ɗaya daga cikin ma'aikatan wurin ta gudanar da shi daga rubutattun matakan, ina zaune a gefe ba tare da na taɓa komai ba. Ta tsaya a wuri biyu, ɗaya inda na rubuta a haɗa filas ba tare da na faɗi yadda ake gane sunansa a tsarin ba, ɗayan kuma inda na manta rubuta cewa a ɗauki kwafin rumbun bayanai da pg_dump kafin a taɓa PostgreSQL, abin da hannuna ya saba yi har ban ga buƙatar rubuta shi ba. Muka gyara takardar a nan take, ta kammala sabuntawar, sannan muka mayar da kwafin a kan tagwayen domin tabbatar da cewa yana buɗuwa. Da muka kwatanta agogon sabar da sahihin lokaci a ranar, ya zame da daƙiƙu kaɗan cikin watan, ta gyara shi da hannu ta rubuta adadin a rajistar ɗakin, kuma haka za a ci gaba da yi a kowane zagaye har a kawo na'urar GPS ɗin da aka nema.